Jan Tikiti a Gidan Makoki

A gidanmu na Jega babu wanda ya yarda cewa aiki nake yi. Inna, mahaifiyata, takan leƙo ɗakina ta same ni a dunƙule kan tabarma da kwamfuta a cinya, ta ce, "Ke dai kin samu abin kallo." In na ce mata kod nake rubutawa, wato umarnin da na'ura ke bi, sai ta ce to na'urar ta umarce ni in tashi in tsince shinkafa. Tuni na daina yi mata bayani, don ni ba ni da haƙurin maimaita magana.

Aikin kuwa na ruwa ne. Wani ƙaramin kamfani ya haƙa wa manoman albasa rijiyoyin burtsatse a fadamu, ya kafa injin sola, aka ja bututu zuwa gonar kowa. A Aliero aka fara, daga baya aka kai wasu ƙauyukan Maiyama. Kowace gona tana da bawul ɗinta, wato makunnin ruwanta, a cikin wani akwatin ƙarfe da ke gindin injin, kuma kowa da ranar ruwansa. In ranarka ta zo sai ka danna lambar gonarka a waya, bawul ya buɗe, saƙo ya shigo maka cewa ruwa ya tashi. Mu biyu ne ke rubuta abin da ke tafiyar da wannan duka: ni daga Jega, da mai kamfanin, wanda nake kira Oga, yana zaune a Kaduna.

Oga yana da doka guda da ba ya tanƙwarawa: abin da ba a rubuta a tikiti ba, bai faru ba. Kowace matsala sai an buɗe mata tikiti, an ba ta lamba, an rubuta wanda ke riƙe da ita, kuma babu gyaran da zai isa akwatunan fadama sai shi ya sa hannu a tikitin. Ka kira shi a waya ya ƙi ɗagawa, ka yi masa saƙo ya kwana bai buɗe ba, amma ka mai da tikiti ja, wato na gaggawa, ko a tsakiyar taro yake sai ya duba. Shafin tikitocin nan a intanet nauyi gare shi, a Jega ma sai ya gama yanga kafin ya buɗe. Don haka na liƙa wa edita, manhajar da nake rubuta kod a cikinta, wani ɗan ƙari, irin yadda ake ɗinka wa riga aljihu. Shi wannan aljihu rubutu zalla yake jawowa, ba hoto ba ado. Tikitocina duk suna jere a gefen hagu, in danna ɗaya ya kai ni kan aikinsa kai tsaye, in amsa wa Oga a nan, in tura gyara a nan, ba sai na fita ko'ina ba.

Wata safiya na buɗe edita na tarar da jan tikiti a saman aljihun. Oga ya rubuta cewa a Giwa Tazo, ɗaya daga cikin ƙauyukan Maiyama, wani ya buɗe ruwan gonar da ba tasa ba, a toshe wannan ƙofa. Na danna, na ga layin wayar da ya yi buɗewar, sai na yi dariya, don na san layin. Na Kawu ne, mijin Gwaggo ƙanwar Babanmu. Nan take na kira shi.

"Kawu, an ce ka koma satar ruwa."

"Allah shi shirye ki!" in ji shi, yana dariya. "Matar Baffa ta rasu, shina zaman makoki. Wa zai ba albasa tai ruwa in ba ni ba?"

Baffa maƙwabcin gonarsa ne, Bafulatani da ya daɗe da zama, yana noma yana kiwo. Abin da Kawu ya yi kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya taka gona sai an tashi makoki, maƙwabci ne ke ɗaukar masa ban-ruwa, kuma ba a roƙo, ba a godiya. Na rubuta wa Oga haka a cikin tikitin. Ya amsa cewa ya ji, amma a Aliero an taɓa samun wanda ya buɗe bawul ɗin wani ya karkatar da ruwan zuwa nasa fangalin albasa, har aka kusa zub da jini, shi kuma ba zai jira a sake ba. Daga yanzu layin mai gona kaɗai zai buɗe, shi ma sai ya haɗa da lambar sirri.

Gaskiya yana da hujja, amma raina ya ɓaci. Na buɗe nawa tikitin na ce to a bar ƙofar wakilci, mai gona ya iya naɗa wanda zai buɗe masa in an yi rasuwa ko jinya. Har na fara rubuta aikin, na kai fiye da rabi. Oga ya manna masa alamar "nan gaba", launin toka, ya zauna ya rubuta makullin lambar sirrin da hannunsa. Na rubuta masa wata amsa mai yaji, na karanta, na goge. Tikitin nawa ya yi ta gangarawa har ya koma can ƙasan aljihu, inda sai na ja allo kafin in gan shi.

Bayan 'yan watanni Kawu ya rasu. Lafiyarsa ƙalau ya gama dashen albasarsa, dashen baya ne, lokacin da zafi ya fara shigowa. Ya dawo gida da yamma ya ce ƙirjinsa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Baba ya riga mu tafiya don jana'iza, ni da Inna muka bi hanyar Maiyama da hantsi. Tun a tasha muka fara faɗa, don ta ɗaga jakata ta ji nauyi.

"Kin ɗauko abin nan ko? Gidan mutuwa za mu hwa."

"Tana ƙarƙashin kaya, Inna. Ba wanda zai gan ta."

"In kinka buɗe ta a gaban mutane, ban san ki ba."

Mun tarar da gidan cike da mata. Gwaggo tana ƙuryar ɗakinta, ta lulluɓe har goshi, carbi a hannu. Ba ta kuka. Duk wadda ta shigo ta yi gaisuwa sai ta ce "amin", shi ke nan, ba ta ƙara komai. Wannan shirun ya fi kuka tayar mini da hankali, don Gwaggo mace ce mai baki, a wurinta na gado nawa. Kayan Kawu kuwa, rigunansa da hularsa da agogo da ƙaramar wayarsa mai madannai, duk an haɗa a adaka an kulle an ajiye bayan gadonta, ba mai taɓawa sai ranar rabon gado. Ɗansu guda yana kudu tare da motocin albasa, an ce yana hanya.

Washegari bayan azahar aka ce ana sallama da ni a zaure. Na ja hijabi na fita, na tarar da Baffa a tsaye, bai ko zauna ba. Dogo ne siriri, ƙafafunsa duk laka ta bushe a kansu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce, abin da ba halinsa ba.

"Ɗiyata, ke ta mai aikin ruwan ga?"

"Ni ce, Baffa."

"Jiya ranar ruwan Kawunki ta, munka tahi jana'iza, ba wanda yat tuna. Yau na tahi tun da sahe. Na danna, na danna, tana ce mani wai ba gonata ba ta. To ni ban san ba gonata ba ta?"

Na san tsarin, ai da ni aka yi shi. Ruwan da mai shi bai ɗauka ba yana jiransa har faɗuwar ranar washegari, daga nan sai layi ya sake zagayowa, kwanaki masu yawa ke nan. Kuma injin da rana yake aiki, da zarar ta yi sanyi bayan la'asar ƙarfinsa ya tafi. Na tambaye shi yadda dashen yake.

"Ya kwanta," in ji shi. "Ruwa guda yas sha, na ranar dashe. In bai sha yau ba, gobe sai dai a share."

Na ce ba za a yi da jarka ba? Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce sun gwada, shi da wasu mutum biyu, daga wani rami can nesa, fangali kaɗan suka iya jiƙawa kafin ramin ya koma taɓo. Injinan fetur kuwa kowa ya rabu da nasa tun da sola ta zo. Sai ya nuna mini babur ɗinsa a ƙofar gida, na ga guduma ɗaure da roba a bayan sirdi.

"Ran da matata tar rasu, ban san wa yab ba gonata ruwa ba sai da anka tashi makoki. Yau shi na kwance, ni in tsaya ina kallon akwati? Ana sallame la'asar zan hwashe shi."

"Baffa, don Allah kada ka yi! In aka taɓa akwatin da ƙarfi, kulle kansa yake yi gaba ɗaya. Ba Kawu kaɗai ba, kowa zai rasa ruwa sai an zo daga Kaduna."

"To ki buɗe."

"Ka ba ni zuwa la'asar."

Ya dai koma cikin maza a kan tabarmar makoki, ya zauna a bakin layi inda yake kallon babur ɗinsa.

Na koma ciki na fara kiran Oga. Ta yi ta ringi har ta tsinke. Na sake, haka. Na tuna ya ce yana da taro da waɗanda ke tallafa wa aikin, na san ko na kira sau ɗari ba zai ɗaga ba. Tunanina ya je kan adakar, ya dawo: ko an yarda an buɗe ta, wayar ba za ta yi amfani ba, lambar sirrin ta tafi da mai ita. Hanya ɗaya ta rage, jan tikiti.

Na zaro kwamfutar daga ƙarƙashin kaya, na rufe ta da hijabi na ratsa tsakar gida. Sabis a gidan nan wuri guda yake, a bayan rumbu kusa da katanga, inda Kawu ke tsayawa in zai yi waya. Na zauna a kan wani kifaffen turmi, na haɗa kwamfutar da datar wayata. Sanda ɗaya ce a wayar, tana zuwa tana ɓacewa. Don in tabbatar, na gwada buɗe shafin tikitoci a intanet, ya tsaya fari fat yana juya ɗan da'irarsa. Na rufe shi da tsaki na buɗe edita. Aljihun ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ga tikitoci sun fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa ƙaunar wani abu na na'ura kamar yadda na ƙaunaci ɗan ƙarin nan a lokacin ba.

Na ja allo ƙasa har na samo tikitina mai launin toka. Na cire masa "nan gaba" na mai da shi ja. Na danna shi, ya kai ni kan aikin da na bari rabi, yana nan yadda na bar shi. Na rubuta wa Oga cewa ana buƙatar wakilci yau a Giwa Tazo kafin rana ta yi sanyi, dashe na mutuwa, ina ƙarasa aikin yanzu, ya shirya sa hannu. Daga nan na duƙufa. Don sauri ina buga harafi biyu a wurin ɗaya, ina gogewa ina zagin kaina.

Ban ɗago ba amma ina jin su. Matan da ke girkin sadaka a madafi sun hango hasken allo. Wata ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Ɗiyar Jega ta, fim taka kallo." Wata ta ce, "Mijin gwaggonta hwa! Zamani." Amsa ta zo mini har bakin leɓe, mai kyau kuwa, wadda za ta ishe su har su koma gidajensu, na haɗiye ta don ba ni da lokacin faɗa. Sai ga inuwa ta rufe mini allo. Inna ce, idonta jajir.

"Mi nac ce miki a tasha?"

"Inna, albasar Kawu ce. Ba ta sha ruwa ba, in ba ta sha yau ba ta mutu. Baffa zai fasa akwati."

Ta dubi allon, wanda ba ta gane komai a kansa, ta dube ni.

"Kuma ke ka iya buɗewa daga nan?"

"In Oga ya sa hannu."

"To mi kika jira? Yi ta!" Ta juya ta tsaya tsakanina da madafi, ta baza zanenta kamar mai gyara ɗauri, ta kare ni daga idanunsu.

Na gama, na gwada a kwamfutar, ya yi. Na sake gwadawa da layin da ba a naɗa ba, ya ƙi, yadda ya kamata. Na tura. Saƙon ya maƙale, sandar ta ɓace. Na ɗaga wayar sama da hannu ɗaya ina jujjuya ta kamar mai kiran kaji, sandar ta dawo, ya wuce. Inuwar rumbu ta riga ta fara tsawo, cajin kwamfutar kuma ya sauka ƙasa da rabi.

Can sai ga lamba ɗaya ta bayyana a kan tikitin. Oga ya amsa.

"Na gani. Aikin ya yi kyau. Amma mai gona ne ke naɗa wakili. Ya tura daga layinsa."

Na rubuta, "Mai gona yana kabari tun jiya."

Ban ƙara ko harafi ba, don in na ƙara, abin da zan rubuta zai raba ni da aikin. Aljihun ya yi shiru. Na zuba wa tikitin ido har idona ya fara ruwa. Ban san ko sabis ne ya ɗauke ko Oga ne ya rasa abin cewa ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya rubuto daga baya. "Allah ya jiƙansa. Na fito daga taron. Ba zan iya ba wani ruwan marayu da bakin ma'aikaciyata kaɗai ba, kin san abin da zai biyo baya in wani cikin dangi ya ce bai sani ba. Ki samo wanda ke da iko a gidan ya faɗa, ki rubuta mini abin da ya ce a nan yadda ya faɗe shi, in sa hannu."

Na so in ji haushinsa, na kasa, don gaskiya ya faɗa. Amma wa ke da iko? Ɗan yana hanya, wayarsa ba ta shiga. Saura Gwaggo, wadda tun jiya ba a ji komai daga bakinta ba sai amin. A shiga wa mai takaba da zancen gona kwana ɗaya bayan binne mijinta, a gaban surukai da 'yan gaisuwa, wannan abin da za a yi ta faɗa da ni ne har in tsufa.

Ana cikin haka ladan ya kira la'asar.

"Inna, Baffa! Da sun sallame zai tafi."

Inna ta gyara mayafi. "Shiga wurin Gwaggonki. Ni na san abin da zan yi da shi."

Abin da ta yi, daga baya Baba ya ba mu labari yana girgiza kai. Ana sallamewa ta aika a kira mata Baffa bakin zaure, wai tun rasuwar matarsa ba ta samu ta yi masa gaisuwa ido da ido ba. Ta durƙusa daga ciki ta fara. Ta yi masa ta'aziyyar matarsa, ta yi masa ta maƙwabcinsa. Ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, na gida da na daji, da waɗanda suka yi aure da inda aka kai su. Ta gangara kan shanu, ta tambayi masu ciki da masu tatsa. Ta juya harshe ta sake gaisuwar da ɗan Fulatancin da ta tsinta a kasuwar Jega. Baffa kuwa mutum ne mai kunya, ba zai iya katse babbar mace tana gaishe shi ba ko gidansa ke cin wuta. Yana tsaye da makullin babur a hannu, yana "jam, jam", wato lafiya lau, yana satar kallon rana.

Ni kuwa na shiga ɗakin da kwamfutar a buɗe a hannuna, ban ɓoye ta ba. Hirar ƙasa-ƙasa da ake yi ta tsaya cak. Na ratsa ƙafafun mata na durƙusa a gaban Gwaggo, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Gwaggo, ki yi mini aikin gafara. Dashen Kawu bai sha ruwa ba. Baffa yana son ya ba shi, amma sai kin ce kin yarda."

Wata tsohuwa daga dangin Kawu ta ce, "Haba ɗiyar nan! Yanzu?"

Gwaggo ba ta motsa ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Na yi zaton ba za ta amsa ba, har na fara tunanin abin da zan ce wa Oga. Sai ta ɗago lulluɓin kaɗan, na ga fuskarta a karon farko tun zuwanmu, ta bushe ta faɗa.

"Bai sha ba?" in ji ta. Muryar ta dushe. "Tun jiya?"

"Bai sha ba, Gwaggo."

"Ni na rene irin nan. Nan bayan ɗaki, da buta, sahe da marece. Shi yac ce bana ba mu sayen iri, nawa za ya dasa." "Ki ce ma Baffa shi ba su ruwa. Har sai an tambaye ni?"

Na rubuta shi a nan gabanta, a durƙushe, yadda ta faɗa, har da tambayar ƙarshen. Na fita da gudu-gudu zuwa bayan rumbu, na hau turmin na tsaya a kansa da wayar a sama, kwamfutar a ɗaya hannun, ban damu da wanda ke kallo ba. Ya wuce. Na sauko na zauna ina kallon jan tikitin. Kwamfutar ta yi gargaɗin caji. Na rage hasken allo har sai da na kusa manna hancina kafin in ga rubutu. A waje na ji an tada babur, gaisuwar Inna ta ƙare ke nan.

Sai jan ya koma kore. Tikitin ya rufe kansa ya fice daga aljihun, ya bar layi ɗaya a ƙasa: Oga ya sa hannu, an tura.

Na ruga zaure ba ko takalmi. Baffa yana kan babur, Inna tana riƙe da ƙyauren tana haki kamar ita ta yi gudun.

"Baffa, an yi! Ka je ka danna lambar gonar Kawu da layinka. In ta ƙi, ka jira kaɗan ka sake, sai gyaran ya isa akwatin. Don girman Allah ka bar gudumar nan a nan."

Ya dube ni, ya dubi rana. "In ta buɗe, gudumar ba ta da aiki," in ji shi, ya ja babur da gudumarsa a baya.

Daga nan ba abin da ya rage a hannuna. Akwatin fadama shi ma da irin wannan sabis ɗin yake karɓar saƙo, yana iya karɓa yanzu, yana iya kai wa gobe. Na koma bayan rumbu don in duba, na tarar kwamfutar ta mutu. Na kira layin Baffa, ba ya shiga. Na rasa inda zan sa kaina, sai na koma ɗakin Gwaggo na rakuɓe a bakin ƙofa. Ina kallon hasken rana a jikin bango yana hawa sama yana yin ja, ina lissafin inda Baffa ya kai: yanzu ya wuce masallaci, yanzu ya gangara fadama, yanzu yana gaban akwati. Ina ganinsa a raina yana dannawa tana ƙi, yana kwance robar guduma. Addu'ar ma na kasa haɗa ta.

Wasu baƙi suka shigo suka yi gaisuwa, Gwaggo ta ce amin. Suka fita. Ɗakin ya koma shiru.

Sai wata 'yar ƙara ta fito daga bayan gado, tit-tit, a dushe, daga cikin adaka.

Matan suka dubi juna, wata har ta zabura. Ni kaina sai da na ɗauki lokaci kafin in gane. Ban taɓa wannan ɓangaren aikin ba: ko wa ya buɗe bawul, saƙon ga mai gona yake zuwa. Ƙaramar wayar Kawu ce, da sauran cajinta, a kulle cikin rigunansa.

Gwaggo ba ta buƙaci bayani ba. Ta sha jin ƙarar nan daga aljihunsa, yana shan kunu ko yana alwala. Ta juya ta dafa murfin adakar da tafin hannunta.

"Malam," in ji ta, "ruwanka ya tashi."

Daga nan ta fashe da kukan da ta riƙe tun jiya, Inna ta rarrafa ta rungume ta, ni kuma na ajiye matacciyar kwamfutar a ƙasa na matsa kusa da su.